BABI NA UKU: HORAR DA MALAMAN FIRAMARE DON KOYAR DA BAƘIN HARSUNA DA SANIN AL'ADU A ƘASASHEN BATSARI DA SAFANA

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi bayani a kan irin horon da malamin firamare yake bukata kafin a ɗora masa nauyin koyar da baƙin harsuna da kuma wayar da kan yara game da al'adun wasu al'ummomi. Za a fara da taƙaitaccen bayani a kan yankin da aka keɓe don wannan nazari, sannan a dubi abin da manufar ilimi ta ƙasa ta tanada, da hanyoyin da ake bi wajen horar da malamai. Daga nan sai a kawo abubuwan da suka wajaba horon ya ƙunsa, da matsalolin da suke yi masa tarnaƙi. Abin da ake son tabbatarwa shi ne cewa kowace manufa da aka tsara a kan harshe, a hannun malamin aji take ƙarewa. Idan an horar da shi yadda zai yi amfani da harshen yaro da al'adarsa a matsayin tsani, to zai kai yaron ga baƙon harshe. Idan kuwa ba a yi haka ba, manufar ba za ta wuce takarda ba.

3.1 Yankin Nazari

Batsari da Safana ƙananan hukumomi ne guda biyu masu maƙwabtaka da juna a yammacin Jihar Katsina, jihar da aka ƙirƙiro daga tsohuwar Jihar Kaduna a shekarar 1987. Ta fuskar sarautar gargajiya, Sarkin Ruma shi ne hakimin Batsari, Yariman Katsina kuwa shi ne hakimin Safana. Ƙidayar jama'a ta shekarar 2006 ta nuna cewa akwai fiye da mutum 200,000 a Batsari, da fiye da mutum 180,000 a Safana. Mafi yawansu Hausawa ne da Fulani, kuma noma da kiwo su ne manyan sana'o'insu. Dajin Rugu ya ratsa yammacin ƙasashen biyu har zuwa iyakar Jihar Zamfara.

Daga arewa, Batsari ta yi iyaka da Jibiya, wadda ita kuma ta yi iyaka da Jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar. Wannan kusanci yana da tushe a tarihi. Bayan jihadin farkon ƙarni na 19, sarakunan Haɓe na Katsina sun yi ƙaura zuwa arewa, daga baya suka kafa Maraɗi. Da Turawan Ingila da na Faransa suka shata iyaka a farkon ƙarni na 20, sai dangi ɗaya suka rabu gida biyu, wasu suka sami kansu ƙarƙashin Ingilishi, wasu ƙarƙashin Faransanci. Har yanzu akwai auratayya da cinikayya tsakanin ɓangarorin biyu.

3.2 Ma'anar Baƙon Harshe a Wannan Yanki

Masana ilimin harsuna sun bambanta harshen uwa da harshe na biyu da kuma baƙon harshe. Harshen uwa shi ne wanda yaro ya buɗe baki da shi. Harshe na biyu shi ne wanda ake amfani da shi a muhallin yaro duk da cewa ba nasa ba ne. Baƙon harshe kuwa shi ne wanda yaro ba ya jin sa sai a cikin aji.

A hukumance, Ingilishi harshe na biyu ne a Nijeriya. Amma idan aka dubi yaron da ya tashi a Wagini ko Ruma ko Runka ko Zakka, za a ga cewa Hausa yake ji a gida da gona da kasuwa da masallaci, ko kuma Fulatanci idan ɗan ruga ne. Ba ya haɗuwa da Ingilishi sai a bakin malami. Saboda haka a wurin wannan yaro Ingilishi baƙon harshe ne. Larabci kuwa yana da matsayi na musamman, domin yaro yakan fara sanin baƙaƙensa da wasullansa a makarantar allo tun kafin ya shiga firamare, amma ba ya magana da shi. Faransanci shi ne na uku, kuma ko da yake ƙasar da ake aiki da shi tana nan kusa, shi ne ya fi nisa da kunnen yaro. Wato ke nan harsuna uku ne baƙi suke jiran yaro a firamare, kowanne da irin hanyar da ta dace a bi da shi.

3.3 Abin da Manufar Ilimi ta Tanada

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta fara fitowa a shekarar 1977, aka yi mata gyare-gyare a 1981 da 1998 da 2004 da kuma 2013. Ta tanadi cewa a shekaru uku na farko na firamare za a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a muhallinsa, Ingilishi kuma ya kasance darasi ne kawai. Daga aji huɗu sai a koma koyarwa da Ingilishi sannu a hankali.

A ƙarshen shekarar 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ba da sanarwar ɗaukar Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu, kuma bugun manufar na 1998 ya shigar da wannan ƙuduri. Dalilin da aka bayar shi ne cewa maƙwabtan Nijeriya guda huɗu, wato Nijar da Chadi da Kamaru da Binin, duk suna aiki da shi. Daga nan aka sanya Faransanci cikin darussan firamare tun daga aji huɗu.

A watan Nuwamba na 2022, lokacin da Malam Adamu Adamu yake Ministan Ilimi, Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da sabuwar manufar harshe wadda ta ce a koyar da harshen uwa a dukkan shekaru shida na firamare. Bayan shekara uku, a watan Nuwamba na 2025, Ministan Ilimi Tunji Alausa ya ba da sanarwar soke wannan manufa tare da mayar da Ingilishi harshen koyarwa. A sabuwar manhajar da aka fitar a shekarar ta 2025 kuma, Faransanci da Larabci suna cikin darussan zaɓi. A ɗaya ɓangaren iyaka ma an sami canji, domin a shekarar 2025 Jamhuriyar Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki.

Abin lura a nan shi ne, manufa tana canzawa cikin ɗan lokaci, amma horar da malami guda ɗaya yakan ɗauki shekara uku, sannan ya yi shekaru masu yawa yana aiki da abin da ya koya. Haka kuma, ko wane harshe aka ce a koyar da shi, yaron Safana da Hausa zai shigo aji ɗaya. Don haka horon da zai amfani malami shi ne wanda zai ba shi ikon kai yaro daga Hausa zuwa wani harshe, ko ma wace manufa ce take ci.

3.4 Hanyoyin Horar da Malamai

Horar da malamai ba sabon abu ba ne a ƙasar Katsina. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya yi bikin buɗe ta a shekarar 1922, an kafa ta ne domin horar da malamai, kuma an san ɗalibanta da ƙwarewa a lafazin Ingilishi. Daga baya aka sami kwalejojin horon malamai masu ba da takardar shaida mai daraja ta biyu. Da aka ƙaddamar da shirin ba da ilimin firamare ga kowa a shekarar 1976, yawan yara ya zarce yawan malamai nesa ba kusa ba, dole aka riƙa ɗaukar waɗanda horonsu bai cika ba. Don magance wannan ne aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna, mai horar da malamai suna kan aikinsu.

A yau takardar NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar da manufar ilimi ta yarda a shiga aikin koyarwa da ita. Hukumar Kula da Kwalejojin Ilimi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1989, ita take tsara ma'aunin karatun, Hukumar Rajistar Malamai kuma, wadda dokarta ta fito a 1993, ita take ba da lasisi. Kwalejojin da suka fi kusa da yankin nazari su ne Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina. Game da baƙin harsuna kuwa, a farkon shekarun 1990 Gwamnatin Tarayya ta kafa Ƙauyen Faransanci a Badagry ta Jihar Legas da Ƙauyen Larabci a Ngala ta Jihar Borno, domin ɗalibai su zauna cikin harshen na wani lokaci ba tare da sun fita ƙasar waje ba.

Sai dai akwai giɓi a cikin wannan tsari. Ɗalibin da ya karanta Faransanci ko Larabci ko Ingilishi a kwaleji ya fi samun horo a kan harshen da adabinsa, kuma galibi makarantun sakandare ne suke janye shi. Shi kuwa wanda ya karanta fannin ilimin firamare ya san halayen yara, amma bai zurfafa a kowane baƙon harshe ba. Firamare tana bukatar mutumin da ya haɗa abubuwan nan biyu.

3.5 Abubuwan da Ya Kamata Horon Ya Ƙunsa

3.5.1 Sanin Tsarin Sauti

Abu na farko shi ne malami ya san inda sautukan Hausa suka saɓa da na baƙon harshe, domin a nan ne yaro yake tuntuɓe. Daidaitacciyar Hausa ba ta da sautin p da v, waɗanda suke da yawa a Ingilishi da Faransanci. Saboda haka yaro yakan furta pan da fan iri ɗaya, ya kuma mayar da very ta koma berry. A Katsinanci abin ya ƙara faɗi, domin sau da yawa f takan koma h ko hw, kamar yadda ake cewa tahi maimakon tafi, da hwara maimakon fara. Haka kuma Hausa ba ta fara gaɓa da baƙaƙe biyu a jere, shi ya sa bread ta zama burodi. Malamin da ya san wannan ba zai ɗauki yaro daƙiƙi ba. Zai nuna masa yadda ake haɗa leɓɓa a saki iska don furta p, da yadda ake ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa don furta v. Akwai kuma inda Hausa take taimakawa. Yaron da ya san bambancin gajeren wasali da dogon wasali a kalmomin Hausa, ba zai sha wuyar rarrabe ship da sheep ba.

3.5.2 Kwatanta Nahawu

Abu na biyu shi ne kwatanta nahawun harsunan. A Hausa kowane suna tilo yana da jinsi, namiji ko mace. Haka abin yake a Faransanci da Larabci, saɓanin Ingilishi. Wannan babbar dama ce ga yaron Bahaushe, domin tunanin jinsi ba baƙo ba ne a wurinsa. Abin da zai koya kawai shi ne cewa jinsin ba ya zama ɗaya a kowane harshe. Misali, rana mace ce a Hausa, wata kuma namiji, kuma haka suke a Larabci. Amma a Faransanci soleil namiji ne, lune kuma mace. Da misali irin wannan guda ɗaya malami zai iya buɗe wa yaro ƙofar nahawun harsuna uku.

Kalmomin aro ma tsani ne. Sunayen ranakun mako da lambobi irin su ashirin da talatin da arba'in daga Larabci suke. Mota da tebur da ofis daga Ingilishi suke. A bakin mutanen Maraɗi kuwa akan ji lakwal da mushe da kamiyo da biro, wato makaranta da malamin boko da babbar mota da ofis, waɗanda duk daga Faransanci aka aro su. Idan malami ya fara da waɗannan, yaro zai ga cewa ashe ya riga ya san wani abu daga cikin harshen.

3.5.3 Dabarun Koyarwa

Abu na uku shi ne dabarun koyarwa. An daɗe ana amfani da hanyar nahawu da fassara, da kuma hanyar saurare da maimaitawa, inda malami zai faɗa yara su amsa gaba ɗaya. Wannan ta yi kama da abin da yara suka saba da shi a makarantar allo, kuma tana da amfani wajen gyara lafazi da ƙarfafa hadda. Illarta ita ce yaro yana iya rera jimla ba tare da ya san ma'anarta ba. Tun daga shekarun 1970 masana suka fi karkata ga hanyar sadarwa, wadda take sa yaro ya yi amfani da harshe don biyan wata bukata, kamar gaisuwa ko ciniki ko tambayar hanya. A ajin ƙauye mai yara da yawa da ƙarancin littattafai, ya kamata a koya wa malami yadda zai raba yara rukuni-rukuni, ya yi amfani da waƙa da tatsuniya da wasan kwaikwayo, da kayan da suke kusa da shi kamar zangarniyar gero da ƙwarya da igiya.

Akwai hujjoji da suke goyon bayan farawa da harshen gida. Gwajin shekara shida da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da Yarabanci, aka kuma ba su ƙwararren malamin Ingilishi, ba su gaza takwarorinsu a Ingilishi ba. A Nijar ma an buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram tun 1973. A Jihar Katsina kanta, shirin RANA da aka fara a 2015 ya horar da malamai a kan koyar da karatu da Hausa a ƙananan azuzuwa.

3.6 Sanin Al'adu

Harshe ba ya tafiya shi kaɗai, yana ɗauke da al'adar masu shi. Yaron da aka tarbiyyantar a kan ya sunkuyar da kai gaban babba zai iske cewa a al'adar Turawa duban idon mai magana alama ce ta gaskiya. Littafin Ingilishi yakan yi maganar yanayin shekara irin na Turai, alhali yaro ya san damina da kaka da hunturu da bazara. Bafaranshe yakan ce vous ga mutum guda don girmamawa, kamar yadda Bahaushe yake cewa ku. Ko a kasuwa akwai darasi, domin a Nijar da dala ake lissafin kuɗi, kuma dala ɗaya tana daidai da sefa 5, saboda haka dala ashirin ita ce sefa 100. Aikin malami shi ne ya nuna wa yaro cewa kowace al'umma tana da nata tsari, ba tare da ya sa shi ya raina nasa ko na wasu ba.

A yankin Batsari da Safana, sanin al'adu ya kamata ya fara ne daga maƙwabci na kusa. Ɗan manomi da ɗan makiyayi sukan zauna a aji ɗaya, amma Hausa ce kawai take da murya. Malami yana bukatar sanin gaisuwar Fulatanci da ginshiƙan pulaaku, wato kunya da haƙuri da hankali, waɗanda ba su yi nisa da abin da Bahaushe yake kira kirki ba. Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1989, tana da makarantu na musamman, amma yaran Fulani da suke firamaren gari suna hannun malami na yau da kullum. Haka kuma akwai al'adar wasan barkwanci tsakanin ƙabilu, kamar wanda yake tsakanin Katsinawa da Nufawa, ko Fulani da Barebari. Hukumar UNESCO ta sanya irin wannan al'ada ta Nijar cikin kayan gadon bil'adama a shekarar 2014. Wannan ya nuna cewa tun da can al'umma tana da nata hanyar koyar da zaman tare, kuma malami yana iya ɗorawa a kai.

3.7 Matsalolin da Suke Fuskantar Horon

Matsala ta farko ita ce rashin tsaro. Batsari da Safana suna cikin ƙananan hukumomin da hare-haren 'yan bindiga suka fi shafa, inda ƙauyuka da dama suka watse, karatu kuma ya tsaya a makarantunsu. A watan Satumba na 2021 suna cikin ƙananan hukumomi 13 na jihar da aka katse wa layukan wayar salula na wani lokaci. Duk da zaman sulhun da al'ummomin yankin suka yi a shekarar 2025, malamin da ba ɗan ƙasa ba yana jin nauyin karɓar aiki a bakin daji, kuma masu duba ɗaliban da suke gwajin koyarwa ba sa son zuwa can. Wannan rikici ya kuma ɓata tsakanin manoma da makiyaya, abin da ya sa darasin sanin al'adu ya ƙara zama dole.

Matsala ta biyu ita ce raunin malamin kansa a harshen da zai koyar. Wanda ba ya iya riƙe hira da Ingilishi ko Faransanci ba zai iya koya wa wani ba, komai yawan dabarun da ya haddace. Ta uku ita ce nisan wuraren ƙwarewa, domin Badagry tana can kudu maso yammacin ƙasa, alhali Maraɗi tana bayan Jibiya. Sai dai hulɗa da Maraɗi ma ta dogara ne ga siyasa, kamar yadda aka gani lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, ba a buɗe ta daga ɓangaren Nijeriya ba sai a Maris na 2024. Ta huɗu ita ce zargin da wasu iyaye suke yi cewa baƙon harshe yana raba yaro da tarbiyyarsa, zargin da ba ya gushewa sai sun ga malami yana girmama al'adarsu.

3.8 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa Ingilishi da Larabci da Faransanci duk baƙi ne ga yaron Batsari da Safana, kuma manufar harshe ta sha canzawa daga 1977 zuwa 2025 ba tare da harshen da yaro yake shigowa aji da shi ya canza ba. An kuma ga cewa horon da ake bayarwa ya raba sanin harshe da sanin koyar da ƙananan yara. Saboda haka ya kamata kwalejojin ilimi su haɗa fannin ilimin firamare da baƙon harshe guda ɗaya, su kuma sanya kwatanta Hausa da wannan harshe cikin darussan dole. Ya kamata a fifita 'yan asalin yankin, maza da mata, Hausawa da Fulani, wajen ba da guraben horo, domin su ne za su zauna. Haka nan, duk lokacin da hali ya yi, a nemi hanyar musayar ɗalibai malamai tsakanin Katsina da Maraɗi, inda ɗaya zai ƙaru da Faransanci ɗaya kuma da Ingilishi, Hausa tana haɗa su. A babi na gaba za a dubi littattafai da sauran kayan koyarwa da malamin yake aiki da su.